Sojojin kwamfuta a Wesnoth sun zama tumaki, ya zan yi su yi wayo?

Ɗan Bagalam

Salamu alaikum ƴan uwa, sannunku da zafi. Tambaya gare ni ga waɗanda sunka san cikin ordinatair, dan Allah a yi haƙuri in ta yi tsawo.

Ni dai ɗan shagon sarjin salula gare ni, kuma kun san tsakanin azahar da la'asar a garin ga kasuwa mutuwa take, ba mai fitowa cikin ranar nan sai wanda ya zame ma dole. To bara wani abokina ya zuba mani wani wasa a kile, sunan shi Battle for Wesnoth, kyauta ne kuma ba ya son konekison, tsohuwar partabul ɗina da batirinta bai kai minti 40 ma tana ɗaukar shi lafiya lau. Ga wanda bai san shi ba, yaƙi ne na bi da bi kamar dara, an yanka taswira gurbi-gurbi masu kusurwa shida, kana da sarki cikin ganuwa, ka sayi sojoji da zinariya, ka kama ƙauyuka su riƙa ƙara maka kuɗɗi, wanda ya kashe sarkin wani ya ci.

Watan farko wallahi kwamfuta ta gasa mani aya a hannu. Amma yanzu na gane lagonta har abin ya fara gundurata. Kullum salon guda ne. Ina ɗaukar ƙabilar elf, mutanen daji, in jera maharba cikin daji bakin gulbi inda harbi bakwai cikin goma ke kuskure su, in naɗe hannu in jira. Ita ko ta ɗauki ƙabilar ork, sai ka ga mahaya kerkeci sun sheƙo gaba su kaɗai sun baro kowa baya, in cinye su. Sannan manyan ƙartin nan masu adda su riƙa isowa ɗai-ɗai kamar masu zuwa barkar suna, su shiga ruwa su tsaya tsamo-tsamo a gurbin da ba su da kariya sai 20 cikin 100, kuma da rana tsaka, lokacin da ƙarfin su ya ragu da kwata. Ni har zaɓe nike wa zan ba kisan dan ya samu ƙarin girma. Kafin zagaye na 12 an gama, ko shayin farko bai dahu ba.

Na gwada ƙara mata zinariya. Ni 100 ita 200, ba abin da ya canza sai dai yarana sunka ƙara samun na ci. Na kai ta 400, nan kam ta malalo mani kamar Gulbi ya kawo tsakiyar damana, ta share ni, amma ban ji an fi ni wayo ba, na ji an danne ni ne kawai, kuma wannan ba shi da daɗi ko kaɗan.

Abin da nike so shi ne ta ba ni tsoro. Wanda ya ji ciwo ya ja baya ya warke, ta jira dare kafin ta faɗo mani, ta zagayo ta baya ta sace mani ƙauyuka. Akwai inda ake taɓawa ne ko haka Allah ya yi ta?

Kabu-kabu 227

Hhhhh Ɗan Bagalam kai ma dai da neman magana. Ka samu abokin faɗan da kake kayarwa kullum kuma kana kuka? Ni da zan samu irin shi a bal da na huta da gorin yaran fadarmu. Ka ba ta 300 mana, tsakanin wanda kake ci da wanda ake cin ka, shi ke nan. Ko ka yi wasan da hannun hagu kana ba mutane salularsu da dama. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ai, ban ga abin wahalar da kai ba a nan.

Ƴar Informatik

Wa alaikumus salam yayana. Akwai inda ake taɓawa sosai ma, kuma sa'ar da ka yi Wesnoth buɗaɗɗen wasa ne, tun 2003 da David White ya fara shi kowa na iya leƙa cikin shi ya gyara. Amma bari in fara faɗa maka yadda kan ta ke aiki, dan in ba ka san wannan ba za ka yi ta murɗa lambobi a banza.

Ita ba ta da shiri. Kai in ka zauna kana cewa bari in ja su bakin ruwa, zagaye uku masu zuwa in rufe su ta hagu. Ita ko duk zagaye kamar yau anka haife ta. Jerin ayyuka gare ta, sayen soja, kai hari, kama ƙauye, ja da baya, matsawa wajen abokin gaba, kowane aiki da makin shi, sai ta duba wanda zai yiwu yanzu mai maki mafi yawa ta yi shi, ta sake dubawa, haka haka har ba sauran abin yi ta miƙo maka hannu. Kai hari makin shi 100,000 ne, kama ƙauye 60,000, matsawa gaba 20,000. Ka ga kenan in dai akwai wanda za ta iya sara kuma lissafin ya nuna riba a wannan zagayen, sara za ta yi, ba ruwanta da abin da zai samu yaron nata in hannu ya dawo gare ka. Shi ya sa mahaya kerkecin ke riga kowa mutuwa, sun fi kowa sauri ne kawai, ba wanda ya ce masu ku jira ƴan uwanku.

Abin da za ka yi, ka buɗe editan taswira na cikin wasan ka aje taswirarka a matsayin scenario, zai ba ka fishiye mai ƙarewa da .cfg, ka buɗe shi da Notepad. A ɓangaren side na kwamfuta ana buɗe wani sashe mai suna ai, wato kan kwamfutar, a ciki ake rubuta halinta.

Na farko aggression. In ba ka rubuta komi ba 0.4 yake. Ma'anar shi nawa za ta damu da asarar kanta. In ka sa 1 ba ta kallon jinin yaranta sam, ɓarnar da za ta yi maka kaɗai take gani. In ka sa 0 to ran yaronta da ran naka nauyi ɗaya ne a sikelinta, ba za ta kai harin da za ta fi ka asara ba. Na biyu caution, shi 0.25 yake, in ka ɗaga shi tana ƙara jin tsoron tsayawa a mugun gurbi kuma tana saurin janye wanda ya jikkata. Mutane da yawa in sun ji ana son ta yi wuya sai su kai aggression 1, alhali wannan shi ke ƙara maida ta tunkiyar da kake faɗi.

Amma inda daɗin yake shi ne ana iya ɗaura hali da lokaci. Ka san ranar wasan zagaye shida ce, asuba, hantsi, la'asar, magariba, sai dare kashi biyu. Ork da dare suke ƙara 25 cikin 100, da rana su rasa 25. To sai ka buɗe sashen ai guda biyu. Na farko ka sa mashi time_of_day na rana da aggression 0 ko ƙasa da haka ma, dan yana karɓar lamba mai ragi, da caution kamar 0.6. Na biyu ka sa mashi na magariba da dare da aggression 0.7 ko 0.8 da caution kaɗan. Ba wai ta fahimci dare ba ne, amma kai da ke kallo za ka ga da rana tana noƙewa, magariba na yi ta taso gaba ɗaya, kuma abin da kake nema kenan.

Sai recruitment_pattern, nan kake faɗa mata irin sojan da za ta saya. In ka bar ta da ƙarti masu adda zalla maharbanka za su yi ta harbin su ba ramuwa, tunda su ba su da makamin nesa ko ɗaya. Ka sa ta haɗa da masu jifa da guba, su gubar na cin jini 8 duk zagaye kuma dole ka fidda maharbin daga dajin ka kai shi ƙauye ko wajen mai magani, layin naka ya ɓalle kenan. Da ƴaƴan dodannin nan trol su ma, suna warkar da kansu 8 duk zagaye, su ne daidai tsayuwar gaba. Akwai village_value, shi 1 yake, ka maida shi 2 ko 3 in kana son ta riƙa kwaɗayin ƙauyukanka, leader_value kuma 3 yake, shi ne kwaɗayin kan sarkinka.

In ka saba da waɗannan sai ka shiga abin da suke kira Micro AI, ƙananan kawuna ne da anka rubuta da wani yaren ordinatair mai suna Lua, kowane aiki guda ya iya amma ya iya shi da kyau. Akwai zone_guardian mai gadin yanki ba ya barin shi ko ka yi mashi gwalo, akwai bottleneck_defense mai toshe ƙunci yana canza wanda ya ji ciwo da mai lafiya, akwai healer_support mai sa masu magani su bi bayan mayaƙa, akwai assassin mai zagaye sojojinka ya nufi mutum guda. Wannan na ƙarshen ka ba mahaya kerkeci biyu shi ka ga yadda za ka riƙa waiwaye.

Abu biyu kuma dan kar ka zarge ta a banza ko ka yarda da ita a banza. Ba ta maguɗi a sa'ar sara, lissafin guda ne gare ku. Amma hazon nan da ke rufe maka taswira ita bai rufe mata ido, tana ganin ka sarai.

In za ka gwada, kar ka yi wasan da kanka tukuna. Ka sa kwamfuta ta riƙe ɓangarorin biyu, guda da gyaranka guda ba gyara, zinariya daidai, ka bar su su yi kamar sau goma kana sallamar masu sarji. Kuma abu guda za ka riƙa canzawa kowane gwaji, in ka murɗa biyar lokaci guda ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Mushe na Tibiri

Assalamu alaikum. Ɗiyata Ƴar Informatik Allah shi yi albarka, kin yi bayani awa a aji, ni da na koyar shekara da shekaru ban iya tsara shi haka ba. Amma ina da ja kaɗan, ba ga abin da kinka ce ba, ga inda kunka sa ido ku duka.

Ɗana na Bagalam, ka sake karanta abin da ka rubuta. Ka ce kullum kana ɗaukar elf, kullum kana shiga daji, kullum gulbi na gabanka, kullum kana jira. To wa ya ba ka dajin? Wa ya ce dole ita ta ƙetaro ruwa ba kai ba? Kai ka zaɓi fili, ka zaɓi lokaci, ka zauna inuwa ka bar ta a rana, sannan kana cewa ba ta da wayo. Ko mutum ka yi ma haka sai ya zama tunkiya.

Ni dara nike yi tun ina yaro, gurbi 30 kowa da ƴaƴa 12, kuma duk maɗarin kirki ya san tun wajen zuba ƴaƴa ake cin wasa, kafin a fara turawa. Haka yaƙi. Mu nan tarihin ƙasarmu ma ya isa misali. A Gawakuke cikin 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi sun fito fili sun yi gaba da gaba da rundunar Muhammadu Bello, anka ci su mummunan ci har sarakuna sunka faɗi, bayan nan ne ma anka kafa Tibirin da nike zaune. Amma zamanin sarkin Maraɗi Ɗan Baskore da anka koma hari, a fito ta daji a buga a koma kafin a taru, ai shekaru anka yi ana jin su har cikin ƙasar Katsina da gaba. Mutanen ba su canza ba, filin da salon ne sunka canza.

To ga shawarata, kuma ba ta son ka rubuta ko harafi guda na turanci. Ka zana taswirar da kai ne za ka ƙetare ruwan. Ka ba ta tudu da duwatsu da ganuwa, ork bisa tudu ba ork na cikin ruwa ba ne. Ka sa ƙauyuka mafi yawa a tsakiya ko can gefenta, yadda in ka zauna jira talauci zai kashe ka, tunda kowane soja na cin kuɗɗin ciyarwa kuma ƙauye ke ɗauke shi. Ka sa iyakar zagaye, ka ce 18, in ba ka kashe sarkinta ba ka faɗi. Da wannan kaɗai zaman dajin ya ƙare, dole ka fito, kuma dole wani zagayen dare ya same ka a fili. Sannan ka buɗe hanya biyu ko uku zuwa gidanka, kar ka bar ƙofa guda da mutum uku za su toshe. In da hali ka raba zinariyar tata gida biyu, sarakuna biyu kowane da 100, guda gabas guda arewa, ya fi sarki guda mai 200 ciwo nesa ba kusa ba, dan ba ka iya fuskantar duka biyun da layi guda.

Ni da jikana mun zana Maraɗi ma, Gulbi da fadama ta yamma, gari bisa tudu inda ya koma bayan ambaliyar 1945, munka ba kwamfuta tudun mu munka taso daga fadama. Sau huɗu tana kora mu ruwa.

Kuma in ka yi kuskure maharbinka mai girma ya mutu, kar ka koma ka loda wasan baya. Na san kuna yi, jikana ma yana yi in ya ga ban kallo. Ƙaƙa za ta ba ka tsoro in mutuwa ba ta mutuwa ce?

Sabon Gari Gamer

Baba Mushe ya gama magana wallahi, musamman ta lodawa baya, hhh ta taɓa ni.

Ni abin da zan ƙara, Ɗan Bagalam kar ka ɗauka Wesnoth ce kaɗai ke da ciwon nan dan kyauta ce. Manyan kamfanoni masu kuɗɗi ma abin da Kabu-kabu ya faɗi shi suke yi, ƙarin zinariya, sai dai su sa mashi suna mai daɗi. Wasan Civilization VI a matakin Deity, wato mafi wuya, kwamfuta na farawa da masu kafa gari uku kai kana da guda, ga ƙarin 80 cikin 100 a ƙira da zinariya, ga ƙarin ƙarfi 4 a kowane faɗa, amma kan nata shi ne dai na matakin ƙasa, in ka tsallake farkon wasan ka ga tana yawo da sojoji ba kan gado. Tsohon Age of Empires II ma a mataki mafi wuya dukiya ake zuba mata ta bayan gida, sai daga baya ne sunka yi wadda ke yi ba sata. StarCraft II su ko ba su ɓoye ba, matakan saman sun rubuta masu sunan maguɗi ƙarara, wani yana ganin duk taswira wani ana ƙara mashi dukiya.

Wani abin ma da zai ba ka dariya, masu Halo na farko sun faɗi cewa da sunka ƙara ma abokan gaba jini kawai, masu gwajin wasan sai sunka riƙa cewa kai waɗannan sun fi wayo. Ba a taɓa kan su ba, sun daɗe ne ba su mutu ba har mutum ya samu lokacin ganin abin da suke yi. F.E.A.R. na 2005 da har yau ake yabo, rabin abin sojojin na magana ne da ƙarfi, wane zagaya, ku rufe ni, sai ka ji kamar shiri gare su. XCOM 2 kuma ta wancan gefen take maguɗin, a matakan sauƙi tana ƙara maka sa'ar harbi a ɓoye dan kar ka yi fushi ka kashe wasan.

To ni tambayata gare ka, ka tabbata mai wayon gaske kake so? Dan an yi ta fa. AlphaStar, kan kwamfuta na kamfanin DeepMind, ya kai matakin gwanayen gwanaye, Grandmaster, a StarCraft II cikin 2019, kuma ka san tun 1997 kwamfutar Deep Blue ta kada Kasparov, zakaran duniya na lokacin, a ches, darar turawa. Ka sauke ches a salularka ka kai shi matakin ƙarshe ka ga ko za ka yi wasa uku ba ka goge shi ba. Ba daɗi, bango ne kake ma naushi. Ni a ganina abin da muke so shi ne wadda za ta kusa cin mu, mu kuɓuta da kyar muna zufa, mu fito muna ba da labari a fada.

Kuma mafi sauƙi duka, wasan na da yadda mutum biyu za su yi a ordinatair guda, kowa ya yi nashi ya miƙa. Ka koya ma yaro guda cikin masu zaman shagonka, wata biyu zai fara zagayo maka ta baya ba tare da ka rubuta komi ba.

Kabu-kabu 227

Kun gani ko! Ashe ni da manyan kamfanonin Amurka kanmu ɗaya. A riƙa girmama ni a gidan nan dan Allah.

Ɗan Bagalam

Na gode ƙwarai ƴan uwa, Allah shi bar zumunci. Baba Mushe maganarka ta yi mani zafi amma gaskiya ce, wata takwas ina wasa taswira guda gefe guda, ban taɓa lura ba sai da ka faɗa. Kuma e, ina lodawa baya, ba kullum ba amma in mai girma na uku ya mutu hannuna da kan shi yake zuwa.

Ga abin da ya faru kwana ukun nan. Daren farko na zauna rubuta abin da ƙanwata ta ce, na kai wajen rabi anka ɗauke kuran, batirin ya yi abin da ya saba, ban aje ba, komi ya tafi. Washegari na sake, wasan ya ƙi buɗe taswirar sam yana fiddo mani jan rubutu, na yi awa guda ina zare ido kafin in ga na buɗe sashen ai na biyu ban rufe shi ba. Da na gyara ya buɗe.

Na yi yadda kunka ce na haɗa biyun. Na zana sabuwar taswira, na ba ta tudu, ni na taso daga ƙasa, mashigi biyu a gulbin, zagaye 18, zinariya 100 da 130 kawai. Na sa mata masu guba da trol. Wallahi wasan farko na sha kashi, kuma irin kashin da nike nema. Na ƙetara da la'asar ina ganin zan kama tudun kafin dare, mai guba ya jefi babban maharbina, na ja shi baya neman ƙauye, ƙauyen kuma ashe wani mahayin kerkeci ya bi ta ɗayan mashigin ya zauna a kai. Na tsaya ina kallon allo baki buɗe har wata mata ta yi sallama sau uku tana son salularta ban ji ba, sai da ta buga teburi. Maharbin ya mutu kuma ban loda ba Baba, Allah shaida, na dai tashi na zaga bayan shago na dawo.

Amma akwai matsala guda ƙanwata. Da rana tana noƙewa yadda kinka ce, har ma ta yi yawa, wani lokacin ga yarona ya rage jini 5 a gabanta ta ƙi taɓa shi. Da magariba ta ɗan taso. Amma cikin daren kan shi ban ga wani bambanci da yadda take da ba, ba ta faɗo mani da ƙarfin da nike jira ba. A na daren na rubuta time_of_day=dusk,night da aggression=0.8, na ranar kuma na sa aggression=-1. Ina na kuskure?

Sabon Gari, maganar koya ma yaro na ji ta, akwai wani almajiri mai wayon tsiya da ke tsayawa bayana kullum yana cewa da ka sa wancan a dutse. Jiya na ba shi linzamin.

Ƴar Informatik

Hhh yayana ba wani lokaci mai suna night a wasan, shi ya sa magariba kaɗai ta kama, daren ya koma 0.4 ɗin shi na asali. Daren biyu ne kuma kowane da sunan shi, ka rubuta dusk,first_watch,second_watch, da ɗan karan nan na ƙasa a tsakiya, ba tazara bayan waƙafi. Na rana kuma dawn,morning,afternoon.

Ragi 1 ɗin nan ya yi yawa, ka maida ta matsoraciya ne, asararta ta ninka ribar sau biyu a lissafinta. Ka gwada 0.1 ko 0 ka gani. Ni da ma zan cire dawn daga na rana in bar shi haka nan, da asuba ba mai ƙari ba mai ragi, in ta fara ja da baya tun lokacin tana ba ka zagaye guda kyauta.

In ka gyara ka turo mani fishiyen da taswirar, ina son in sa ma mahayan nan assassin in ga ko sarkinka zai kwana. Kuma ka riƙa danna aje duk layi biyu, kuran ɗin garin ga ba ya sallama in zai tafi.

Mushe na Tibiri

Ɗana, ranar juma'a in Allah ya kai mu ina shigowa Maraɗi bayan masallaci. Ka aje mani kujera da taswirar nan taka, ni zan riƙe tudun, kai da almajirin naka ku taso daga fadama. Shayi kuma kar a cika sukari, likita ya hana ni.